Yadda Aka Ɗora Wa Mai Ba Da Aiki Nauyin Tsare Idon Ma'aikaci

A zamanin dā, a ƙasar Ingila, in ma'aikaci ya rasa idonsa a wurin aiki, asarar tasa ce shi kaɗai. Ubangidansa ya biya shi kuɗin kwanakin da ya yi, ya sallame shi, ya ɗauki wani mai ido. Yau kuwa doka ta ɗora wa mai ba da aiki nauyin tsare idanun mutanensa, da biyan diyya in sun sami lahani. Sai da aka yi shekara fiye da 150 ana ja-in-ja kafin al'amarin ya zauna haka.

Tun kafin masu mulki su kula, likitoci sun lura da ɓarnar da sana'a ke yi wa ido. Cikin shekarar 1700 wani likita na birnin Modena a ƙasar Italiya, wai shi Bernardino Ramazzini, ya wallafa littafi a kan cututtukan masu sana'a. Abin da ya fara jawo hankalinsa kuwa shi ne masu yasar masai, don ya ga warin da ke tasowa daga ramin yana sa idanunsu su yi ja wur, har waɗansu su makance. Ya kuma yi bayanin maƙera da masu narka gilashi, waɗanda ke yini suna duban wuta. Ya shawarci likitoci su riƙa tambayar majiyyaci irin aikin da ya ke yi. Amma shawara ce kurum, ba ta tilasta wa kowa kome ba.

Da injuna suka yawaita a Ingila, sai mutane suka baro ƙauyuka suka cika masaƙu da maƙeru da ramukan kwal. A shekarar 1833 Majalisar Dokoki ta yi dokar masana'antu, aka naɗa sufetoci 4 su riƙa zagawa, amma yawancin aikinsu a kan yaran da a ke sa wa aikin da ya fi ƙarfinsu ne. Alƙalai kuma ba su tausaya wa wanda ya ji rauni ba. A 1837 aka yi wata shari'a ta yaron wani mahauci da amalanke ya karye da shi, aka ce ba ruwan ubangidansa. Daga nan ta zama ƙa'ida, in sakacin abokin aiki ne ya jawo rauni, to, mai ba da aiki ya kuɓuta. Alƙalan suna cewa wanda ya karɓi aiki, ai ya karɓe shi da hatsarinsa.

Masu haƙar kwal su suka fi shan wuya. A cikin rami akwai wata iska mai kama wuta, wadda in ta haɗu da fitila buɗaɗɗiya sai ta fashe ta hallaka jama'a. A 1815 wani masani, Humphry Davy, ya ƙago fitila mai ragar waya wadda ba ta kunna iskar nan. Fitilar ta ceci rayuka, amma haskenta bai kai na kyandir guda ba. Mutum ya shekara 20 ko fi yana sara cikin wannan duhu-duhu, sai ƙwayar idonsa ta soma rawa, ya ga fitilu suna juyawa, jiri da ciwon kai su kama shi, har aiki ya gagare shi. Dubban magidanta suka zauna gida ta wannan hanya, ga iyali, ba abin ciyar da su.

Sannu a hankali ƙungiyoyin ma'aikata suka yi ƙarfi, suka matsa wa Majalisa. A 1897 aka yi dokar diyyar ma'aikata, wadda ta ce in hatsari ya sami mutum a bakin aikinsa, mai ba da aiki ya biya shi, ko da ba a tabbatar da laifinsa ba. A 1906 aka faɗaɗa dokar, ta haɗa da waɗansu cututtukan da sana'a ke kawowa, a 1907 kuma aka shigar da rawar idon masu haƙar kwal. Ba da daɗewa ba aka ƙara da yanar ido ta masu aikin gilashi. To, da biyan diyya ya soma cin aljihun masu ramuka, sai aka tashi neman asalin cutar da gaske. A 1922 wani kwamitin likitoci ya ba da rahoto cewa ƙarancin haske shi ne tushenta. Da fitilun lantarki masu haske suka bazu cikin ramuka, sai cutar ta yi ta raguwa har ta kusa ɓacewa.

Diyya dai ba ta mayar da ido, rigakafi kuwa ya fi magani. Saboda haka dokar masana'antu ta 1937 ta wajabta wa mai ba da aiki ya sa isasshen haske a wurin aiki, ya kuma ba da tabarau na tsaro ko kariya ga masu waɗansu ayyuka. A 1938 aka jera ayyukan, cikinsu har da wasa ƙarfe a dutsen inji, da walda, da fasa dutse.

Amma akwai ayyukan da jerin nan bai ambata ba, a kansu kuwa aka yi wata shahararriyar shari'a. Akwai wani mutum mai suna Paris, yana aiki a garejin motocin Hukumar Stepney, wata unguwa a birnin London. Idonsa na hagu ya riga ya lalace a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, hukumar kuma ta san da haka. Ran nan, cikin watan Mayu 1947, yana dukan wani ƙarfe mai tsatsa da guduma a ƙarƙashin mota, sai ɓallin ƙarfe ya yi tsalle ya shiga idonsa na dama. Shi ke nan, ya makance ɗungum. Ya kai ƙara, ya ce ba a ba shi tabarau ba. Hukumar ta ce ai ba al'adar gareji ba ce a ba masu irin wannan aiki tabarau. Alƙalin farko ya ba Paris gaskiya, ya yanka masa fam 5,250. Hukumar ta ɗaukaka ƙara, ta yi nasara. Daga nan magana ta kai Majalisar Dattawan Ingila, wadda a lokacin ita ce kotun ƙarshe. Cikin Disamba 1950 alƙalai 3 daga cikin 5 suka ce alƙalin farko ne ya yi daidai. Hujjarsu ita ce, ko da ya ke mai ido ɗaya bai fi mai ido biyu kusa da hatsari ba, asararsa ta fi girma nesa, don haka kulawar da za a yi masa dole ta fi ta saura. Tun daga ran nan ya zama wajibi mai ba da aiki ya dubi halin kowane ma'aikaci shi kaɗansa.

Wannan hukunci ba baƙo ba ne ga wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid, mutumin Ƙairawan. A mazhabar Malikiyya diyyar ido ɗaya rabin diyyar rai ce, amma in aka ɓata idon mai ido ɗaya, cikakkiyar diyya za a biya, domin da shi kaɗai ya ke gani.

Bayan wannan sai aiki ya sake kama, mutane da yawa suka koma ofis suna yini gaban allon kwamfuta. Duban allo ba ya makanta mutum, amma yakan gajiyar da ido, ya kawo ciwon kai, musamman ga wanda ke bukatar tabarau bai sani ba. A 1990 ƙasashen Tarayyar Turai suka yi ƙa'ida a kan wannan, Ingila kuma ta mai da ita doka a 1992. Dokar ta ce mai aiki da allo yana da ikon ya nemi a gwada idonsa, mai ba da aiki ya biya. In kuwa gwajin ya nuna yana bukatar tabarau na musamman don aikin allon, shi ma a aljihun mai ba da aiki. An kuma ce a tsara aikin yadda mutum zai riƙa ɗaga ido daga allon lokaci lokaci.

Nijeriya ta gaji yawancin dokokin nan daga Ingila. An yi dokar diyyar ma'aikata a 1941, da dokar masana'antu a 1955. A 1987 aka sabunta ta masana'antu, tana kuwa ɗauke da sharaɗin ba da tabarau ga masu aikin da ke da hatsari ga ido. A 2010 aka yi sabuwar dokar diyya, wadda ta sa masu ba da aiki su riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin ma'aikatansu a wani asusu, daga cikinsa a biya wanda ya sami lahani.

Doka dai tana rubuce, amma ba ta amfanin wanda bai san da ita ba. Har yanzu a bakin titunan garuruwa akan ga yaron mai walda yana kāre fuska da tafin hannu, da dare kuma ya kwana yana hawaye kamar an zuba masa yashi a ido. Ma'aikacin da ya iya karatu ya kamata ya nemi sanin haƙƙinsa, ya tambayi tabarau kafin ya ɗauki guduma, in an ba shi kuma ya sa. Mai ba da aiki kuwa ya tuna kuɗin tabarau kaɗan ne in an gwada da diyya, ita diyyar kuma ba ta taɓa mayar wa makaho da ganinsa ba.