Ƙwayoyin ƙarfe a ƙirar Omdurman

Ƙarfe a ido dunƙule guda ne, amma a ƙarƙashin madubin ƙara girma tarin ƙananan ƙwayoyi ne manne da juna. Suna samuwa ne yayin da narkakken ƙarfe ke hucewa, inda atam ke jeruwa sahu-sahu daga wurare da dama har su haɗu. Baƙin ƙarfe zalla yana narkewa a digiri 1538 na Salshiyas.

Idan maƙeri ya daki ƙarfe da sanyinsa, sahun atam kan zame a kan juna, ƙwayoyin su baje, ƙarfen ya yi ta tauri har ya soma tsagewa. Shi ya sa maƙeran azurfa da zinariya na kasuwar Omdurman ta Sudan ke mayar da zobe ko awarwaro wuta a tsakiyar aiki. Zafin kan haifar da sababbin ƙwayoyi, ƙarfen ya sake laushi, guduma ta ci gaba.

Takobi kuwa sai an tsoma shi a ruwa ko mai da jansa don ya yi tauri, a sake ɗumama shi kaɗan don kada ya karye. Da yawa daga takubban kaskara na zamanin Mahadin Sudan, irin waɗanda aka riƙe a yaƙin Karari na 1898 kusa da Omdurman, a Solingen ta Jamus aka ƙera ruwansu.