Shekara 13: daga ina dokar Nijar ta samo wannan iyaka?

A nan Ɗan Kassari, ko dukan yaro aka yi ko lalata da shi, magana ɗaya muke faɗi: "an cuce shi." Doka kuwa ba ta haɗa su a kwarya ɗaya ba. Duka da hana abinci laifi ne daban, fyaɗe da taɓa mutunci laifi ne daban. Ina ganin ya kamata mu malamai da iyaye mu san asalin wannan rarrabewa.

Tushenta daga Faransa yake. A kundin hukunta laifukan ƙasar na 1810, sai an nuna ƙarfi ake kama mutum da laifin taɓa mutuncin yaro. A 1832 aka ce muddin yaro bai kai shekara 11 ba, ko ba a tilasta shi ba laifi ne, domin yardar yaro ba yarda ba ce. A 1863 aka ɗaga zuwa 13. Dukan yara da hana su abinci kuwa sai a 1898 suka samu doka ta musamman. A 1946 Turawan mulkin mallaka suka shimfiɗa kundin nasu a kanmu.

Bayan ƴancin kai, Nijar ta kafa nata ranar 15 ga Yuli 1961, aka yi masa babban gyara a 2003. A wannan kundin, hukuncin fyaɗe ɗaurin shekara 10 zuwa 20 ne. Idan yaron bai kai 13 ba, 15 zuwa 30. Taɓa mutuncin ɗan ƙasa da 13 ba da ƙarfi ba, ɗaurin shekara biyu zuwa ƙasa da goma, da tarar jikka 20 zuwa 200. Idan mai laifin mahaifi ne ko malamin yaron, hukuncin ya fi tsanani. Dukan yaro kuwa yana can babin duka da rauni.

Ga inda gizo ke saƙa. Tun 1945 Faransa ta ɗaga iyakarta zuwa 15, amma kundinmu na 1961 ya tsaya a 13. Ke nan ƴar shekara 14 da aka yaudara da kuɗi ko alkawari, ba a nuna mata ƙarfi ba, ta wuce inuwar wannan ayar. Irin waɗannan ƴan mata ne muke turawa sakandare, su sauka a gidajen mutane nesa da iyayensu.

Saboda haka idan abu ya faru, kada mu tsaya ga "a rufa asiri" a zauren mai gari. A kai yaro likita tun da wuri, a riƙe takardar haihuwarsa, a sanar da jandarma. Shekarunsa da irin abin da aka yi masa su ne alƙali zai fara tambaya. Waɗanda suka haura 13 kuwa, kiwonsu ya fi rataya a wuyanmu.