Sakhr: kwamfutar da ta shigo falo da haruffan Larabci

Wanda ya yi ƙuruciyarsa a Khartum ko Omdurman a ƙarshen shekarun 1980, matuƙar akwai ɗan'uwa ko maƙwabci da ke aiki a Saudiyya, mai yiwuwa ne ƙwarai ya tuna da wani ɗan akwati mai maɓallai wanda ake jonawa da talabijin. Ba shi da allon kallo nasa na kansa, saboda haka sai yara sun jira manya sun gama sauraron labarai kafin su sami damar taɓa shi. A goshinsa an rubuta Sakhr, wato dutse, kusa da haruffan boko guda uku: MSX. Yau wannan akwati ya zama abin farauta a wajen masu tara tsofaffin kwamfutoci a Kuwait, Masar, Holan da Japan, alhali a wajenmu galibi ya ƙare ne a saman kabad ko a hannun masu sayen tarkacen ƙarfe.

Kafin zuwansa, kwamfuta a Sudan abu ne na jami'a da manyan ma'aikatu. Jami'ar Khartum ta kafa cibiyarta ta kwamfuta a 1967, amma talaka bai san yadda injin da ke cikinta yake ba. A watan Yuni na 1983 ne kamfanin ASCII na Japan, ƙarƙashin Kazuhiko Nishi, tare da Microsoft na Amurka, suka shelanta tsarin MSX. Manufarsu ita ce kowane kamfani ya ƙera tasa kwamfutar gida, amma duk su yi aiki da ƙa'ida ɗaya, ta yadda katirij ɗin da ya yi a injin Sony zai yi a na Sanyo ko Yamaha. Ƙwaƙwalwar injin ita ce Z80, mai gudun megahaz 3.58, abin da wayar da ke hannun mai karatu ta ninka sau ɗaruruwa.

A Kuwait kuwa, Muhammad al-Sharikh, masanin tattalin arziki kuma ɗan kasuwa, ya ga cewa yaran Larabawa za su shiga wannan zamani ne ta harshen wasu in ba a yi wani abu ba. Kamfaninsa, Al-Alamiah, ya ƙulla ciniki da masu ƙera MSX a Japan, aka dasa Larabci a cikin injin, aka buga haruffansa a kan maɓallai tare da na boko. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne, domin harafin Larabci yana sauya siffa gwargwadon wurin da ya faɗo a kalma, rubutun kuma daga dama yake tafiya, ga shi ma'adanar injin ba ta wuce ta 'yan kilobait ba. Injiniyan Masar Nabil Ali na cikin waɗanda suka ɗauki nauyin wannan gwagwarmaya. Daga nan aka sami manhajojin koyon lissafi da nahawu, da manhajar Alƙur'ani wadda ta yi suna ƙwarai. Sai dai a faɗi gaskiya, yawancinmu wasannin Konami ne suka tsare mu a gaban talabijin, irin su King's Valley da Knightmare.

Hanyar da injin ya bi ya iso gidajen Hausawa kuwa tsohuwar hanya ce. Kakanninmu sun ratso wannan ƙasa ne da niyyar Makka, wasu tun kafin Turawa, wasu bayan yaƙin Burmi na 1903, lokacin da Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya jagoranci jama'a zuwa bakin Shuɗin Nilu. Saboda haka da wuya ka sami zuriya a cikinmu da ba ta da wani a Jidda, Makka ko Madina. Da arzikin man fetur ya bunƙasa bayan 1973, 'yan Sudan suka kwarara zuwa ƙasashen Larabawa neman aiki, tsarabar mai dawowa ta tashi daga turare da dabino da darduma, ta haɗa da rediyo mai kaset, da bidiyo, da kuma wannan ɗan akwati.

To, a nan ne aikin mai tarawa yake farawa, domin suna ɗaya ne, amma injinan ba ɗaya ba ne. Al-Alamiah ba ta da masana'antar ƙera su, odarsu take yi, saboda haka lambar da ke jikin injin ita ce nasabarsa. AX-150 da AX-200 na Yamaha ne. AX-170, wanda ya fi kowanne yaɗuwa, aikin Sanyo ne, mai ma'adana ta kilobait 64. Duk waɗannan zubin farko ne na MSX. Zubi na biyu, MSX2, wanda ya fito a 1985 da sabuwar ƙwayar hoto ta Yamaha mai lamba V9938, shi ne ya haifar da AX-350 da AX-500 daga Yamaha, da AX-370 daga Sanyo, masu ɗauke da ma'ajin faifai na inci 3.5. Wanda aka ƙara wa harafin F a ƙarshen lambarsa, kamar AX-170F, an shirya shi ne domin ƙasashen da ke amfani da Faransanci. Akwai kuma abin da ke yaudarar baƙo a wannan fage: AX-660 da AX-990, duk da kamanninsu da sunan gidansu, cikinsu na'urar wasa ce irin Mega Drive ta Sega, ba kwamfutar MSX ba ce. Haka nan ba kowane MSX mai Larabci ne Sakhr ba, domin kamfanin Bawareth na Saudiyya ya sayar da nasa, ƙirar Daewoo ta Koriya, da sunan Perfect.

Idan aka kwance sukurorin aka buɗe ciki, to, shekarun injin a rubuce suke. Yawancin ƙwayoyin da ke kan allon ciki suna ɗauke da lamba huɗu: biyun farko shekara, biyun ƙarshe mako. Ƙwayar da aka buga wa 8632 an ƙera ta ne a mako na 32 na 1986, injin kuwa ba zai girmi mafi ƙanƙantar ƙwayarsa ba, sai fa idan wani mai gyara a Kasuwar Omdurman ko Suk al-Arabi ya taɓa canja ta. Wannan ma shaida ce, kuma a ganina ta fi ta masana'anta daraja, domin ɗinkin dalma na hannu yana ba da labarin wanda ya raya injin a nan cikin ƙura da zafi da ɗaukewar wuta.

Akwai abu guda da ya shafe mu musamman. Almajirin da ya tashi da allo da ƙira'ar Warshu, ya saba da fa'un mai ɗigo a ƙasa da ƙafun mai ɗigo ɗaya a sama, idan ya zauna gaban Sakhr sai ya tarar da rubutun Gabas, ba na Magrib ba. Babu harafin da ajaminmu ya ware wa "ts", babu ɗigon imala da muke rubuta "e" da shi. Injin da aka yi domin kada Larabci ya zama baƙo, shi ne ya bar ajamin Hausa a bakin ƙofa, kuma har yanzu da wannan ƙarancin da yawa daga cikinmu suke rubuta Hausa a waya da haruffan Larabci.

Mamayar da Iraƙi ta yi wa Kuwait a ranar 2 ga Agusta 1990 ta tilasta wa kamfanin komawa Alƙahira, inda ya juya ga manhajojin harshe, zamanin MSX kuma ya shuɗe. Al-Sharikh ya karɓi Kyautar Sarki Faisal a 2021, ya rasu a watan Maris na 2024, lokacin da Khartum take cikin yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023. Gidajen da aka wawashe ba su ƙidayuwa, har Gidan Tarihi na Ƙasa bai tsira ba, balle ɗan akwatin roba da ke saman kabad.

Saboda haka wanda ya koma gida ya tarar nasa ya tsira, kada ya yi gaggawar jona shi da wuta. Ya fara duba takardar da ke ƙarƙashinsa ya ga ƙarfin wutar da yake ɗauka, domin a wancan zamani gidaje da yawa a Saudiyya da wuta mai ƙarfin 127 suke aiki, tamu kuwa ta haura 200. Ya kakkaɓe ƙurar, ya ɗauki hoton lambar samfuri da ta ƙwayoyin ciki, ya haɗa katirij da littafin da suka zo tare. Sannan ya tambayi dattawan gida wa ya kawo shi, daga wane gari, a wace shekara, ya rubuta amsar a takarda ya ajiye ta cikin kwalin.