Daga Taranto zuwa Kwalbar Roba: Tarihin Gizo-gizon da Ya Zama Dabbar Gida

A watan Nuwamba na 2024, jami'an filin jirgin saman Lima a ƙasar Peru sun tsayar da wani matashi ɗan Koriya ta Kudu saboda cikinsa ya kumbura fiye da kima. Da aka ɗaga rigarsa, sai aka tarar da gizo-gizo 320 na nau'in tarantula, kowanne cikin 'yar ledarsa, an ɗaure su a jikinsa tare da shanshani 110. Shekara uku kafin nan, an kama wasu Jamusawa biyu a filin jirgin Bogota da tarantula 232. Ga wanda ya tashi yana jin Gizo a tatsuniya, yana kuma ganin ana share yanar tautau da tsintsiya, abin da mamaki a ce mutum ya sayi ɗaurin kurkuku saboda irin wannan halitta. Sai dai kasuwar tana da tarihi mai tsawo, kuma tarihin ya faro ne da rikicin suna.

Sunan aro

Kalmar tarantula ta samo asali daga Taranto, wani birnin gaɓar teku a kudancin Italiya. Tsawon ƙarnoni, manoman yankin sun yi imani cewa cizon wani gizo-gizon gona yana jefa mutum cikin baƙin ciki da kasala, kuma babu magani sai a kira makaɗa su yi ta kiɗa, mai ciwon ya yi ta rawa har gumi ya fitar da dafin. Ana danganta sunan rawar tarantela da wannan al'ada. Likita Giorgio Baglivi ya rubuta bayani a kan ciwon a ƙarshen ƙarni na 17, yana ɗaukarsa cuta ta haƙiƙa. A 1959 masanin al'adu Ernesto de Martino ya je yankin Salento da tawagar bincike, ya gano cewa lamarin ya fi alaƙa da ƙuncin rayuwa, musamman na matan karkara, fiye da dafin kowane ƙwaro. Mai karatun da ya san yadda garaya ke aiki a wasan bori ba zai rasa ganin kamanni ba.

Gizo-gizon da aka ɗora wa laifin, wanda a yau ake kira Lycosa tarantula, dafinsa ba ya yi wa mutum wata illa ta a zo a gani. Kuma ba shi da dangantaka ta kusa da manyan gizo-gizo masu gashi da duniya ta sani da wannan suna. Turawan da suka isa nahiyar Amurka ne suka ga manyan, suka laƙaba musu sunan abin tsoron da suka baro a gida. Sunan ya zauna, tsoron ma ya biyo shi.

Matar da aka ƙaryata

A 1699 Maria Sibylla Merian, mai zane kuma mai nazarin ƙwari, ta tashi daga Amstadam zuwa Suriname tana da shekara 52, tare da 'yarta. Littafin da ta wallafa a 1705 yana ɗauke da hoton wani ƙaton gizo-gizo ya danne ɗan ƙaramin tsuntsu. Ana alaƙanta sunan da Jamusawa ke kiran wannan dangi da shi, wato gizo-gizon tsuntsu, da wannan zane, haka ma sunan avicularia da Linnaeus ya ba nau'in a 1758. A ƙarni na 19 wasu masana a Ingila sun yi wa zanen ba'a, suka ce tatsuniya ce. Henry Walter Bates, wanda ya shafe shekara 11 a dajin Amazon, shi ya wanke ta: ya ga irin wannan gizo-gizo da tsuntsaye biyu a saƙarsa kusa da garin Cameta. A littafinsa na 1863 ya kuma ba da labarin wasu yaran yankin da suka ɗaura wa ƙaton gizo-gizo zare a ƙugu suna jan sa a cikin gida kamar kare. Ke nan yaran Amazon sun riga Turawa mayar da shi abin wasa da fiye da shekara ɗari.

Kasuwa ta buɗe

Fina-finai sun ƙara wa tarantula suna. A fim ɗin James Bond na farko a 1962, an nuna ɗaya tana tafiya a jikin jarumin yana kwance. A shekarun 1970 da 1980 shagunan dabbobin gida a Amurka da Turai suka fara sayar da su da yawa, kuma wadda ta fi farin jini ita ce mai jan gwiwa ta Meziko, Brachypelma smithi. Tana da kyau, ba ta da faɗa, macenta kuma takan rayu fiye da shekara 20. Wannan tsawon rai shi ne rauninta: halittar da ke ɗaukar shekaru kafin ta balaga ba ta iya mayar da gurbin dubban da ake tonowa daga ramukansu. A 1985 aka sanya ta cikin jerin halittun da yarjejeniyar CITES ke sa ido kan cinikinsu, kimanin shekara goma bayan haka aka shigar da dukan danginta na Brachypelma. A 2019 aka ƙara da Poecilotheria na Indiya da Siri Lanka.

Abin da ya biyo baya ya nuna zurfin matsalar suna. A 2017 masana biyu na Meziko, Jorge Mendoza da Oscar Francke, suka yi amfani da ƙwayoyin gado da siffar gaɓoɓin haihuwa wajen sake nazarin masu jan gwiwa. Sai ta bayyana cewa galibin waɗanda aka shafe shekaru ana sayarwa da sunan smithi wani nau'i ne daban, hamorii. Masu kiwo sun yi ta kula da dabbar da ba su san sunanta na gaskiya ba.

Zamanin ƙanana

Da intanet ta haɗa masu kiwo na ƙasashe daban-daban, sha'awa ta fara karkata daga girma zuwa launi. Dangin tarantula, wanda masana ke kira Theraphosidae, yana da nau'i fiye da 1,000. A gefe guda akwai Theraphosa blondi ta arewacin Kudancin Amurka, wadda faɗin ƙafafunta kan kusanci santimita 30. A ɗaya gefen akwai waɗanda 'yan kasuwa ke kira wadanni, da ba su cika wuce santimita 5 zuwa 8 ba. Kalmar ta kasuwa ce, ba rabon kimiyya ba, domin ta tattaro nau'o'in da ba su da kusanci da juna.

Mafi shahara a cikinsu ita ce Cyriocosmus elegans ta Tirinidad da Benezuwela, wadda Eugène Simon ya bayyana a 1889, mai tambari kamar zanen zuciya a bayanta. Akwai Neoholothele incei, ita ma daga Tirinidad, wadda kan haƙura da zama da 'yan uwanta a mazubi ɗaya, abin da ba kasafai ake samu ba a dangin da ke cin junansu. Akwai shuɗiyar Dolichothele diamantinensis ta jihar Minas Gerais a Burazil, wadda sai a 2009 kimiyya ta san da ita.

Dalilin karɓuwarsu a bayyane yake. Mazubin roba mai girman gwangwanin madara ya ishe su, da ƙasa mai ɗan danshi da za su haƙa rami, da ɓawon itace na fakewa, da ƙananan hudojin iska. Abincinsu ƙananan gyare ne da 'ya'yan kyankyaso, sau ɗaya ko biyu a mako. Suna balaga da wuri, don haka suna saurin hayayyafa a hannun masu kiwo, sai dai ba sa kai tsawon ran manyan. Wahalarsu tana cikin ƙanƙantarsu: jaririn da bai kai ƙwayar shinkafa ba yana iya sulalewa ta hudar iska, yana saurin bushewa idan ƙasa ta rasa danshi, kuma gyaren da aka bari a mazubi lokacin da yake saɓa zai iya cinye shi.

Gane su ya fi kiwon su wuya. Launi yana ruɗi, domin yana sauyawa da shekaru da kuma kusantowar saɓa. Masana suna dogara ne da saɓar da mace ta yar, inda ake duba siffar jakar ajiyar maniyyi a ƙarƙashin madubin ƙara girma, da kuma siffar gaɓar barbarar namiji da ke ƙarshen gajerun hannayensa na gaba. Tun da kasuwa ba ta jiran kimiyya, an cika ta da sunayen wucin gadi: sunan jinsi, sai launi ko sunan ƙasa. Wata ƙaramar tarantula ta Chile mai sanyin hali ta shafe shekaru ana sayar da ita a matsayin Euathlus ja, sai a 2018 aka bayyana ta a hukumance a wani jinsi daban, Homoeomma. Irin wannan ruɗani yana sa a haɗa nau'i biyu barbara ba da sani ba, yana kuma sa jami'in kwastan ya kasa tantance abin da doka ta hana fitarwa.

Farashin kyau

Babu nau'in da ya fi nuna tsaka-mai-wuyar da ake ciki kamar Typhochlaena seladonia ta arewa maso gabashin Burazil, wadda aka bayyana tun 1841. Ƙarama ce ƙwarai, launinta na haɗa kore da shuɗi da ruwan hoda, kuma tana zama a jikin itace cikin ɗan ɗaki mai murfi da take lulluɓewa da ɓawo da gansakuka. Burazil ta daɗe da hana fitar da namun dajinta ba tare da izini ba, amma ana samun wannan gizo-gizo a kasuwannin Turai da tsada. Ko da an haife shi a wani ɗaki a Jamus, tambayar yadda kakanninsa suka bar ƙasarsu tana nan.

A 2019 mujallar Science ta ba da rahoton wata shuɗiyar tarantula daga Sarawak a Malesiya, wadda aka bayyana a matsayin sabon nau'i bisa samfuran da hukumomin yankin suka ce an fitar ba da izini ba. Hotunanta da aka sanya a intanet ne suka ja hankalin mafarauta. Wani bincike da aka wallafa a 2022 ya gano nau'i 1,264 na gizo-gizo da kunamu da danginsu a kasuwa, kuma kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda aka bi diddiginsu daga daji aka kamo su. Yammacin Afirka ma na cikin wannan ciniki: ana sayar da tarantular bishiya da ke ɗauke da sunan Togo, da ta rami mai sunan Kamaru, sannan baƙar kunamar nan babba ta yankin ta daɗe a jerin CITES.

Meziko ta gwada wata hanya, inda ta ba da lasisin gonakin kiwo da ke fitar da jarirai da takardu, domin halal ta karya farashin haram. Ga ƙananan nau'o'i masu saurin haihuwa, wannan hanya tana da alamar nasara fiye da ta manyan. Sai dai da yawansu ba a san su ba sai a tsauni ɗaya ko guntun daji ɗaya, inda 'yan kwanaki na tono za su iya yin ɓarnar da ba ta gyaruwa. Shi ya sa wasu masana a yau, idan sun bayyana sabon nau'i, sukan ɓoye ainihin wurin da suka same shi, duk da cewa ƙa'idar aikinsu ta ginu ne a kan bayyana komai.