Daga Kuɗin Ƙasa zuwa Dokar Haraji ta 2025

Haraji ya girmi Najeriya, haka ma gardamar da ake yi a kansa. Tun kafin jihadi sarakunan Hausa na karɓar kuɗin ƙasa daga manoma, kuɗin karofi daga marina, da jangali daga masu shanu. Tarihin Kano ya danganta fara karɓar jangali ga Sarki Kutumbi a ƙarni na 17, ya kuma ce Sarki Kumbari ya tsananta wa kasuwar Kurmi da karɓe-karɓe har fatake suka yi ƙaura zuwa Katsina. Irin waɗannan kuɗaɗe na cikin abin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki sarakunan Haɓe a kai cikin Kitabul Farƙ, duk da cewa jangali bai mutu da jihadi ba.

Da Turawa suka ci ƙasar, Lugard ya haɗe tarkacen kuɗaɗen nan wuri guda da dokokin 1904 da 1906, ya bar aikin karɓa a hannun sarakuna, hakimai da dagatai, ana zubawa a baitulmalin En'e. A Kano an gwada tsarin taki: malaman taki su bi gona suna auna ta da takun ƙafa, a yanka wa mai ita kuɗi gwargwadon faɗinta. Daga baya aka koma yanka wa gari kuɗi dunƙule, dagaci ya raba wa magidanta da samari baligai. A aikace, abin ya zama kusan kai ɗaya kuɗi ɗaya. Mai rumbu goma da wanda hatsinsa ya ƙare tun bazara kusan abu guda ake nema a hannunsu. Lokacin karɓa kan zo bayan kaka, sai manomi ya sayar da gyaɗa ko akuya a farashin da ya samu, wani kuma ya tafi cin rani don ya haɗo kuɗin. Matafiyin da ba shi da takardar haraji a aljihu yana iya kwana a hannun 'yan doka.

Ke nan tsarin kowa-daidai, wanda wasu masana a Turai da Amurka ke yabo saboda sauƙin lissafinsa, Arewa ta ɗanɗani mafi tsaurin nau'insa, ta kuma ga wanda ya fi jin nauyin. Wannan ne ya ba jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano kasuwa wajen talakawa. A 1979 gwamnonin jam'iyyar PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali da hawansu mulki. A Kudu ma harajin kai ya tayar da boren matan Aba a 1929.

Bayan samun 'yanci aka karkata ga harajin kuɗin shiga mai hawa-hawa, wanda ake cirewa daga albashi kafin ya iso hannun ma'aikaci. Gyaran 2011 ya sa shi tsakanin kashi 7 zuwa 24 cikin ɗari. Amma kuɗin man fetur ya sa gwamnatoci suka yi sakaci da shi, nauyin ya tattaru kan masu albashi, manyan 'yan kasuwa da yawa suna zamewa. Abuja misali ce, kasancewarta birnin ma'aikata tun da gwamnati ta tare a 1991. Hukumar FIRS ta tarayya ce ke karɓar harajin mazaunanta har dokar 2015 ta kafa wa birnin hukumarsa, FCT-IRS.

Harajin saye, wato VAT, ya fara aiki a 1994 da kashi 5, ya koma 7.5 a 2020. Yana da sauƙin karɓa, sai dai mai ƙaramin ƙarfi, wanda duk abin da ya samu a kasuwa yake ƙarewa, shi ya fi jinsa a jiki. Ga kuma rigimar rabo, wadda ta sa jihar Ribas ta je kotu a 2020 tana neman ta riƙa karɓar nata.

Duk waɗannan tsoffin tambayoyi sun taso a Majalisar Tarayya lokacin da Shugaba Tinubu ya aika ƙudurori huɗu na gyaran haraji a Oktoban 2024, bisa aikin kwamitin Taiwo Oyedele. An nemi a ɗaga VAT mataki-mataki har kashi 15, a kuma fifita wurin da aka tara kuɗin wajen rabo. Gwamnonin Arewa suka taru a Kaduna suka ce ba su yarda ba. Bayan watanni ana ja-in-ja, aka bar VAT a 7.5, aka ba jihohi kashi 55, ƙananan hukumomi 35, tarayya 10, aka kuma cire shi daga kayan abinci na yau da kullum, magani da karatu. Shugaban ya sa hannu ranar 26 ga Yuni 2025. Daga Janairun 2026 naira 800,000 na farko a kuɗin shigar mutum na shekara ba su da haraji, abin da ya haura kuma yana hawa daga kashi 15 har 25 ga abin da ya wuce naira miliyan 50.