Wasiƙa daga Ingila: Tarihin awon katanga da shinge

 

Yaya, kin ga hoton gidanmu kin ce wane irin gida ne wannan ba katanga, kowa na ganin ƙofar ɗakin mutum? Wallahi abin ya dame ni tun kafin ki faɗa. Maiɗakina ba ta iya shan iska a waje sai da mayafi. Na kira kafinta ya ɗaga mana shingen katako na gaba, ya ce ba zai wuce mita 1 ba sai da izinin ƙaramar hukuma. Wannan ya sa na bi diddigin dokar.

Tushenta dokar tsara birane ce ta 1947, bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Daga nan mallakar fili ta daina ba mutum ikon gina abin da ya ga dama. Aka ware ƙananan ayyuka da ba sa buƙatar izini, har da katanga: mita 1 in tana bakin titin mota, mita 2 a sauran ɓangarori.

To amma wannan awo bai shafi itace ba. Akwai wata bishiya mai suna Lailandi, wadda aka fara samu a 1888 a Leighton Hall da ke Wales, daga barbarar itatuwa biyu 'yan asalin Amurka. Tana iya ƙara kusan mita 1 a shekara, kuma ba ta zubar da ganye. Wanda aka hana katanga sai ya jera ta a kan iyaka, cikin 'yan shekaru maƙwabci ya rasa rana. Aka yi ta shari'a, har a 2001 aka harbe wani mutum a Wales kan rikicin shinge.

Sai a 2003 majalisa ta sa maganar a sashe na 8 na dokar hana takura wa jama'a, ta fara aiki a Ingila ranar 1 ga Yuni 2005. Sikotilan ta yi tata a 2013. Dokar ba ta hana shinge tsawo ba. Amma in itatuwa biyu ko fiye marasa zubar da ganye suka haura mita 2 suna tare maka haske, kana iya kai ƙara ƙaramar hukuma, bayan ka nemi sulhu ya faskara. In aka ce a rage mai shi ya ƙi, tara na iya kaiwa fam 1,000.

Kun ga bambancin? Mu a gida inuwa ake nema, wanda darbejiyarsa ta leƙo tsakar gidanka ya yi maka alheri. Nan kuwa a watan Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe 4, hasken da ya rage shi ake wa faɗa.

Ni dai na haƙura da gaban gida. Ta baya muka ɗaga zuwa mita 2, bayan na je da kaina na shawarci tsohuwar da muke iyaka da ita. Ta yarda, ta roƙi kada in tare mata wajen tumatirinta. Haƙƙin maƙwabtaka ai mun san shi tun a gida, na bar mata wannan gefen yadda yake.

A gaida su Inna da yara. Sai wani jiƙon.