Burodin Faransawa Da Tuwonmu

Ku 'yan makaranta, in kun shiga kasuwar Darki ta ƙasar Wudil, kuka ga gero da dawa tsibi-tsibi, ga matan Fulani zaune da ƙoren nono, kada ku zaci abin nan ba shi da tarihi. Masana sun tono ƙwayar gero a ƙasar Mali wadda aka noma fiye da shekara 4,000 da suka wuce. Masara kuwa, da rogo da gyaɗa, baƙi ne, daga Amurka aka kawo su bayan 1492.

Kowace al'umma da abincin da ta dogara a kansa. Mu namu tuwo da fura, Faransawa kuwa nasu burodin alkama. Da safe su haɗa shi da kofi, da rana da dare su ci shi da miya ko cuku, waɗansu su kora da giyar inabi. Dogon burodin nan da ake sayarwa a Maraɗi gādon mulkinsu ne.

To, ku ji abin da burodi ya taɓa jawowa. A 1788 aka yi fari a Faransa, ƙanƙara kuma ta ɓata gonaki. Shekara na kewayowa burodi ya yi tsada, har lebura ya riƙa ƙarar da yawancin ladansa a kansa. Dā ma talakawa na kuka da haraji, sai ga yunwa. Ran 5 ga Oktoba 1789 dubban mata suka tashi daga birnin Faris da ƙafa, tafiyar wajen mil 12, suka tasam ma fadar Sarki Luwi na 16 a Barsai, suna neman burodi. Kashegari aka taho da shi Faris tilas. A 1793 aka kashe shi.

Mu ma mun ɗanɗana tamu. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, gyaɗa ta yi kuɗi, manoma da yawa suka karkata gare ta. A 1913 ruwa ya ɗauke, gero da dawa suka ƙi. A 1914 aka shiga yunwar nan da ake kira Kakalaba, har mutane suka riƙa tonon gidan tururuwa neman hatsi, jama'a mai yawa ta halaka. A 1973 fari ya sake komowa.

Abin da za mu tsinta a nan shi ne, da ruwan ciki akan ja na rijiya. Ranar da hatsi ya yanke, kuɗi ba ya tuƙuwa, sarauta kuma ba ta zaunuwa. Saboda haka in kun koma gida hutu, kada ilimi ya sa ku raina fartanya. Ku tambayi iyayenku dami nawa ya rage a rumbu, da kuma ko zai kai gidan kaka. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.